Saura Kaɗan Da Miyar Dandamali

A danginmu akwai masu gardama, akwai marowata, akwai wanda in ya ara miki tsintsiya sai ya biyo ki gida ya ga yadda kike sharar. Amma mutum ɗaya tak gare mu wanda bai taɓa yi wa abinci ƙarya ba, shi ne ɗan Kawuna, wanda rabin garin nan ya sani da Saura Kaɗan. Ni 'yar Gwaggonsa ce, saboda haka ina da lasisin tona masa asiri tun daga zanin goyo. In ya ji haushi ya kai ƙarata wurin Kawu, shi ma dariya zai yi.

Sunan ba daga sama ya faɗo masa ba. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, mace ce da in ta ɗora tukunya maƙwabta ke tuna cewa sun daɗe ba su shigo gaisuwa ba. Wata rana ta zuba masa miya, yana yaro ko wando bai iya ɗaurewa ba, ta tsaya a kansa tana jiran yabo. Ya lasa, ya lumshe ido, ya daɗe kamar mai tuno inda ya ajiye wani abu, sannan ya ce, "Kaka, saura kaɗan."

"Saura kaɗan me, ja'iri?"

"Saura kaɗan ta yi daɗi. Gishirin bai ratsa ba."

Ta bi shi da ludayi har bakin titi. Amma uwata ta rantse ta ga tsohuwar ta dawo, ta waiga hagu da dama, ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri.

Kada ku ɗauka labarin waliyyi nake ba ku. Ɗan Kawu zai ce miki ga shi nan a hanya alhali ko takalmi bai nemo ba. Zai ce wa tela ɗinki ya yi kyau ya fito yana tsaki. Amma da zarar abu ya hau harshensa, shi ke nan, ƙarya ta ƙare masa. Na taɓa tambayarsa dalili, don ni akwai bin ƙwaƙƙwafi, ya ce shi ma bai sani ba, in ya yi niyyar cewa "ya yi daɗi" alhali da saura, sai ya ji maƙogwaronsa ya kulle kamar an ɗaure bakin buhu. Wannan ciwon ne ya ci aurensa na farko tun kafin a ɗaura. Uwar yarinyar ta wuni a kicin ta yi masa girkin da ko marar lafiya ya ji ƙamshinsa sai ya tashi zaune. Ya ci, ya suɗe kwano, ya ce saura kaɗan, man ya yi yawa. Washegari aka dawo mana da kayan da muka kai, har da wani faranti da ba namu ba, don tsabar sauri.

Sana'arsa guga. Ba gugar unguwa ba, a'a, shi ne mai gugar gidan wasan kwaikwayon da ke bayan babbar tasha. Ɗakinsa yana bayan dandamali, ɗan tsukuku ne da in kin miƙa hannu biyu za ki taɓa bango da bango. Teburi ɗaya da tsohon bargo a kai, dutsen guga na lantarki, da na gawayi don ranar da wuta ta yi halinta, sai igiya da aka rataye mutanen duniya a kanta: rigar alƙali, kakin ɗan sanda, farar rigar likita mai tabon biro a aljihu, da wata baƙar kwat da ta auri mata ba adadi a kan dandamali. Shi ya samo mini aikin kitso da kwalliyar 'yan wasa a ɗakin da ke jikin nasa. Bangon katako ne tsakaninmu, ko atishawa ya yi sai na ce masa sannu.

Daga ƙofarsa ana hango dandamali ta tsagar labule. A nan yake tsayawa da dutsen guga a hannu, bakinsa yana motsi. Duk wasan da aka taɓa yi a gidan nan yana kansa, maganar maza da ta mata. In masu barkwanci suka hau, su da ke buɗe fage kafin a fara wasa, dariyarsa ba ta fita waje. Sai dai ki ga kafaɗunsa na rawa, hawaye na ɗiga a kan rigar alƙali, yana bin su da dutsen guga yana busarwa.

Ranar da ba wasa kuwa, gari yake shiga. Ɗan Kawu bai san sunan titi ko ɗaya ba. In kika tambaye shi hanyar asibiti zai ce, "Ki miƙe har ki ji ƙamshin burodi, ki karya dama, ki wuce mai gasa masara. In kin fara jin man suyar da ya gaji, to kin zarce, ki dawo." Na taɓa bin sa sau ɗaya, ban ƙara ba. Muka hau bas muka sauka, muka hau wata, muka ratsa kasuwar 'yan katako, muka bi ta ƙarƙashin gada, duk don wani tsoho da ke soya ƙwai da albasa a kan murhun da ya girme ni. Muka ci a tsaye, motoci na feso mana hayaƙi. Ni dai don daɗi har na yafe wa mutanen da ban yi niyyar yafe wa ba. Ɗan Kawu ya goge baki ya ce, "Baba, saura kaɗan. Ka bar shi a wuta ya wuce da numfashi ɗaya." Tsohon bai ji haushi ba, cewa ya yi, "Ka ga, ni ma zuciyata ta gaya mini." Haka yake da masu abincin garin nan. Tsoronsa suke ji, kuma in ya kwana biyu bai leƙa mutum ba sai a aiko tambayar ko lafiya.

Amma duk yawon nan, abincin ranarsa wuri ɗaya ne. Tsallaken gidan wasa akwai wata rumfa mai benci biyu da labulen buhu, ta wata mata da kowa ke kira Mai Miya. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'yarta ɗaya. Ba ta da yawan magana, in ta kalle ki sai ki tuna laifin da kika yi shekaranjiya. Shinkafa take yi da miyar kifi, ba ta ƙarawa ba ta ragewa, amma direbobin tasha kan bar fasinja a mota suna zufa su zo su ci.

Kullum in rana ta take, ɗan Kawu zai kashe dutsen guga, ya wanke fuska, ya taje gemun da bai kai a taje ba, ya tsallaka. Ta zuba masa ba sai ya tambaya ba. Ya ci. Ta tsaya kusa tana goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Ya ce, "Saura kaɗan. Yau albasar ta ɗan ƙone." Ta ce, "To." Gobe ya ce, "Saura kaɗan. Barkonon ya danne kifin." Ta ce, "To." Shekara da shekaru ana haka, har 'yarta ta yi aure ta haihu, hirar ba ta wuce nan ba.

Kowa a gidan wasa ya san son ta yake, har kyanwar da ke kwana a kan akwatin huluna. Ni kuwa abu biyu ne suka hana ni sakat. Na farko, me zai hana namiji mai gemu, ko da ɗan guntu ne, ya buɗe baki ya ce wa mace ina son ki? Na tsare shi a ɗakin guga na tambaya.

Ya ce, "'Yar Gwaggo, kullum da maganar nake tsallakawa. Tun daga nan nake jera ta tsaf. Amma da na sa cokali a baki sai abin da ya rage wa miyar ya riga ta fitowa. In na faɗe shi kuma na ɓata wuri. Wa zai ce wa mace albasarta ta ƙone, sannan ya ce ta aure shi?"

Na ce, "To ka faɗa kafin ka ci mana, sakarai."

Ya dube ni kamar na zagi Kawu. "Abinci na gabana yana hucewa?"

Na biyun shi ya fi cin raina. Matar da ke sa direba ya manta da motarsa, yaya za a ce shekara da shekaru ba ta taɓa dacewa da tukunya ɗaya cikakkiya ba? Kuma abin mamaki, kuskuren ba ya maimaita kansa. Wanda ya gyara mata jiya ba ya dawowa, sai wani sabo ya ɓullo. Na sha cin miyar nan ina lalube da harshe, ban taɓa jin komai ba sai daɗi. Na ce ƙila harshena ne na talakawa. Na bar abin a raina ina juyawa.

Ana nan sai Mahauci ya shigo zancen. Wani ƙato ne daga kasuwar tasha, shi ma matarsa ta rasu, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Ko ruwan wanke hannu Mai Miya ta miƙa masa sai ya ce bai taɓa ganin ruwa mai kyansa ba. Bai yi wata-wata ba ya aika 'yar'uwarsa da magana. Mai Miya ta ce a ba ta zuwa Asabar ta yi tunani. Ni ta gaya wa haka, da ƙarfi, tana kallon ƙofar gidan wasa, alhali ina zaune dab da ita.

Na kai wa ɗan Kawu labari da gudu, har da ƙari, na ce an fara auna labulen ɗaki. Ranar ya ƙona kakin ɗan sanda a gadon baya, shi da bai taɓa ƙona ko hankici ba. Da rana ya tsallaka kamar wanda za a yi wa allura. Na leƙa ta taga ina addu'a. Na ga ya ci, na ga bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya dawo yana jan ƙafa.

"Me ka ce mata?"

"Tumatirin bai gama soyuwa ba."

Na ce to Allah ya ba Mahauci zaman lafiya.

Wasan da ake yi a makon na wani miji ne mai ƙorafi da matarsa. Akwai wurin da matar ke kawo masa miya, ya kai cokali ɗaya, ya furzar, ya ture kwanon, ya ce, "Wannan miya ko kare ya lasa sai ya bar unguwar!" Daga nan faɗa ke tashi, kuma duk sauran wasan a kan faɗan nan yake tafiya. In ba a ture kwano ba, babu wasa.

To gidanmu yana da wata ƙa'ida da Darakta ya kafa. Darakta wani siriri ne mai tabarau a goshi, wanda ya yi imani cewa fuska ba ta iya ƙaryar ɗaci. Saboda haka miyar dandamali shi yake haɗa ta da hannunsa: ruwan ɗumi, gishiri cikin tafi, ƙonanniyar albasa, da wani garin magani da ba ya gaya wa kowa sunansa. Duk ɗan wasan da ya kai ta baki ba sai an koya masa yamutsa fuska ba. Akwai wanda ya sha ta shekarun baya, har yau in ya ga kwano mai murfi sai idonsa ya kawo ruwa.

Ranar Asabar, ranar da wa'adin Mahauci ke cika, da hantsi aka aiko cewa mai fitowa a mijin ya tashi da ciwon haƙori, kumatu ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwallo, ko sunansa ba ya iya faɗa. Ga shi an sayar da tikiti, wasa da la'asar. Darakta ya zagaya gidan yana dafe da kai, har ya zo ƙofar ɗakin guga ya tarar da ɗan Kawu yana goge baƙar kwat ɗin nan, yana zuba maganganun mijin shi kaɗai, yana ba kansa amsa da muryar matar.

"Sa kwat ɗin nan in gani."

Ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka.

"Ranka ya daɗe, ni mai guga ne."

"Yau miji ne kai. Wurin miyar ma ba sai ka yi wasa ba, halinka kawai za ka yi. Duk garin nan wa ya kai ka kushe abinci?"

"Ni ba kushewa nake ba, ranka ya daɗe, gyara ne..."

"Ka furzar, ka ture, ka yi maganar kare. In ka ɓata mini wasa, ka nemi wani bangon da za ka riƙa jona dutsen gugarka."

Ni kuwa labari ko wuni ba ya yi a cikina. Na tsallaka na gaya wa Mai Miya cewa yau mutuminta zai hau dandamali, na ba ta labarin miyar Darakta da maganar kare. Ta saurara tana yanka albasa, ta ce, "To." Amma dab da za a fara, ina tsaka da ɗaura wa Bakin Reza ɗankwali, wato mai fitowa a matar, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Mai Miya ce, cikin wani mayafi da ban taɓa ganin ta da shi ba, riƙe da kwano mai murfi a naɗe cikin tawul.

"Ki sa wannan a wurin ta Darakta."

"Yaya, kin san fa abin da zai ce a kanta? A gaban mutane?"

"Na sani. Ke dai ki sa."

Da wata mai hankali ce da ta tsaya ta yi tunani. Ni so nake in ga abin da zai faru, ko da gidan zai rushe a kanmu. Na juye miyar Darakta a kwata, inda na tabbata kyankyasai sun kwashe iyalinsu a ranar, na ɗora tata a kan tire.

Zaure ya cika har da na tsaye. Ta tsagar labule na hango Mai Miya a layin gaba, jaka a kan cinya, karo na farko da ta rufe rumfa ta shigo gidan da ta daɗe tana ciyarwa. Kusa da ita kaɗan ga Mahauci, ya sha farar riga, yana ta yi wa maƙwabcinsa bayani da hannu. Gajere mai barkwanci ya buɗe fage. Ya yi na kwandastan bas, ya yi na surukai, ya hango Mahauci ya ce, "Jama'a ku duba wa ya zo, yau awakin gari suna hutu!" Sannan ya sanar cewa mijin yau sabo ne. "Saura Kaɗan ne da kansa! Duk wanda ya taɓa dafa masa abinci ya ɗaga hannu mu yi masa jaje." Wallahi hannuwa suka tashi har layin baya. Ashe masu abincin tasha duk sun ji labari sun baro tukwanensu.

Aka ja labule. Ɗan Kawu ya fito cikin kwat, yana waige-waige kamar mai neman ƙofar gudu. Amma da ya fara magana sai muryar ta zauna. Ya yi ƙorafin wanki, ya yi ƙorafin shara, mutane na dariya, Darakta a gefena yana gyaɗa kai har tabarau na zamowa. Sai Bakin Reza ta shigo da tire tana rangwaɗa, ta dire a gabansa.

"Ga miyarka, maigida. In ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka yi wanka da ita."

Ya ɗaga murfi.

Tururi ya doki fuskarsa, na ga hancinsa ya buɗe. Ya gane hannun tun kafin ya taɓa cokali. Ya ɗaga ido ya dubi layin gaba. Ita kuwa tana kallonsa yadda take kallonsa a rumfa, tsumman goge-goge ne kawai babu. Ƙamshin ya sauko daga dandamali ya bi layi-layi, har wani daga baya ya ce, "Kai, wannan ba miyar wasa ba ce!"

Ya kai cokali. Ya lumshe ido.

Darakta ya raɗa, "Furzar."

Ya haɗiye.

Ya kai na biyu, ya juya shi a baki, hagu, dama. Ni na san abin da yake yi, nema yake. Yana neman albasar da ta ƙone, ko gishirin da bai ratsa ba, ko wani abu komai ƙanƙantarsa da zai riƙe ya samu ya ture kwanon da gaskiyarsa. Ya sake kaiwa. Gumi ya keto masa.

"Ture! Maganar kare!" Darakta na raɗa, irin raɗar da har 'yan layin tsakiya suka ji.

Bakin Reza ba a banza ta ci sunanta ba. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Maigida, yau lafiya? Ba ka da abin cewa a kan miyar? Ba wani kare da ya faɗo maka a rai?"

Zaure ya fashe da dariya. Ɗan Kawu ko ji bai yi ba, ya jawo kwanon ya kare shi da hannu ɗaya kamar za a ƙwace.

"Na ce miyar ba daɗi, ko? Faɗi mana, kullum ai kana faɗa!"

Ya ɗago, idonsa ya yi ja. Wuri ya yi tsit. Ya ce a hankali, amma har bakin ƙofa an ji, "Babu abin da ya rage."

"Me ka ce?"

"Babu saura. Ta cika."

Masu abincin da ke zauren suka miƙe tsaye. Tsohon nan mai soya ƙwai, ashe yana ciki, ya cire hula ya ce, "Allah na gode maka da ka nuna mini wannan rana!" Darakta ya zube a kan akwatin huluna, kyanwa ta sha da ƙyar.

Bakin Reza ta yi ƙoƙarin ceto wasan. Ta yi fari da ido ta ce, "Ayya maigida, ashe ka san na iya girki. Tun safe nake kanta."

"Ƙarya kike yi," in ji ɗan Kawu. "Ke ko ruwan shayi kika dafa sai an bi shi da addu'a. Wannan ba hannunki ba ne."

"To hannun wa ne? Aljana ce ta shigo mini kicin?"

Ya miƙe da kwanon, ya zo har bakin dandamali. Ya manta da kwat, ya manta da Darakta, ya manta da jama'a. Ya ce, "Hannun wadda ke jiran mai ya yi shiru kafin ta zuba albasa ne. Wadda ba ta juya kifi da ludayi, sai dai ta girgiza tukunya. Shekara da shekaru ina tsallaka titi da magana a bakina, miyarta na tare ni a hanya. Yau ba ta tare ni ba." Ya gyara riƙon kwanon. "Mai Miya, ni dai mai guga ne. Ɗakina ɗaya, bakina kuma kin san shi. In za ki iya da shi, gobe zan turo Babana neman aurenki."

Ba na jin an taɓa ihu irin na ranar a gidan nan, har fankar sama sai da ta ƙara gudu. Rabin mutane sun ɗauka duk cikin wasan ne, suna cewa kai, wannan karon Darakta ya yi ƙoƙari. Mai Miya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bari ihun ya lafa, sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ka cinye tukuna. Tana hucewa."

Ya koma ya zauna ya cinye tas a gaban jama'a, Bakin Reza na tsaye a kansa tana yi masa fifita da tire, tana tambayar 'yan kallo ita yanzu matar wa ce. Gajere ya hau ya rufe taro, ya ce duk mai son ganin faɗan da ya biya domin ya gani, ya dawo in kumburi ya sace. Mahauci kuwa, in ba shi haƙƙinsa, ya fi kowa tafi. A bakin ƙofa ya damƙi hannun ɗan Kawu ya ce naman biki a wurinsa za a saya, in aka kai wa wani bai yafe ba.

Darakta ya kore shi a ranar, da babbar murya, har da nuna ƙofa. Da aka kwana biyu alƙali ya hau dandamali da riga kamar saniya ta tauna, sai ga saƙo a ce wa mai guga ya dawo, amma in ko inuwarsa ta sake taɓa dandamali, 'yan sandan gaske za a kira. Ni ma an haramta mini taɓa tire har abada.

Saura tambayata ta biyu. Ana gobe ɗaurin aure ina yi wa Mai Miya kitso a bayan rumfa, kanta na tsakanin gwiwoyina, inda mace ba ta da wurin gudu. Na ɗan ja gashin na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah. Shekara da shekaru kullum da abin da ya rage, ranar nan kuma babu. Yaya aka yi?"

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Kin taɓa ganin na zuba masa daga babbar tukunya?"

Na tsaya da kibiya a sama. Akwai wata 'yar ƙaramar tukunya da ke zama a gefen murhu, ni duk zatona ta ɗumama ruwa ce.

Ta ce, "Ranar da ya fara zuwa gishiri ya gaza mini da gaske, ya faɗa mini a fuska. Tun rasuwar maigidana ba wanda ya kula da abin da ke cikin kwanon, ci kawai suke su tashi. Sai na ji tsoro, mutumin da ke yawon gari yana neman abin gyara, in bai samu a wurina ba me zai dawo da shi? Shi ya sa kullum nake ɗibar tasa daban in rage mata wani abu. Yau in bar albasa ta ɗan wuce, gobe in sake wa barkono hannu."

"Kullum sabo?"

"In na maimaita ai sai ya ce ba na jin magana. Kin san wahalar nemo sabon kuskure kullum? Ya fi girkin wuya. Ƙarewa suka fara yi mini, shi kuma ya ƙi gaba ya ƙi baya."

"To da ya furzar fa? Da ya yi maganar kare?"

"Da na auri Mahauci," in ji ta, ko gezau. "Wanda zai iya tofar da wannan miyar don a tafa masa, to duk gyaran da ya yi mini shekarun nan ma iya baki ne. Ja a hankali, 'yar nan, kan nawa ne."

Na riƙe sirrin nan da amana har tsawon lokacin da na ɗauka ina tsallaka titi. Na tarar da ɗan Kawu yana goge rigar angoncinsa da kansa, don bai yarda da hannun kowa ba. Na zayyana masa komai, har da 'yar tukunya. Ya tsayar da dutsen guga, ya daɗe yana kallon bango. Na zaci zai yi fushi ko ya yi kuka, na gyara tsayuwa don in samu abin kai wa dangi.

Ya ce, "Ranar nan da aka yi ruwan sama, da citta ta yi yawa... da gangan ne?"

"Da gangan."

Ya girgiza kai, murmushi ya bi ta cikin ɗan gemun. "Kuma daidai ta wuce. Yadda za a ji, ba yadda za ta ɓata ba. 'Yar Gwaggo, kin san irin hannun da ke iya wannan?"

Na ce ni ban sani ba, abin da na sani rigarsa na shirin ƙonewa.

'Yar tukunyar tana nan har yau a gefen murhu, ba a jefar ba. Na tambayi Mai Miya amfaninta, tunda an riga an kama mutum. Ta ce duk ranar da suka saɓa ya ɗaure fuska ya ƙi magana, daga ita take zuba masa. Wai bai taɓa wuce cokali biyu ba tare da ya buɗe baki ya yi gyara ba.